Waya Ta Cika

Auta ta kashe fanka ta kunna, ta kashe ta kunna, har hannunta ya gaji. In an kunna, ƙararta ta cinye maganar Inna, tsohuwar da za a ɗauka a bidiyo. In an kashe, gumi ya wanke wa tsohuwar fuska. Matan ƙungiya sun yi cirko-cirko a bayan kekunan ɗinki, kowace da shawararta, alhali ba wadda ta taɓa ɗaukar ko kaza a bidiyo.

Abin da ake nema ba shi da yawa. Ɗan gajeren bidiyo ne za a tura wa masu raba tallafin kekuna kafin su tashi daga ofis yau. Kekunan ƙungiyar duk sun mutu sai biyu, su ma da lallami suke tafiya. In tallafin nan ya wuce su, sai dai a rufe ɗakin kowa ta kama gabanta.

Da can wannan aikin Yaya ne, wanta. Shi ke ɗaukar komai, shi ya sa in ka bi hotunan ƙungiyar kaf ba za ka ga ko kunnensa ba, kullum yana bayan waya. Yau kuwa abu ya faɗo kan Auta, wadda ko hoto ta ɗauka sai ta yanke wa mutum kai.

Ta koma lungun da ake jibge yadi, ta nemo Yaya a waya. Matan suka kalli juna, Inna ta kau da kai. Fuskarsa ta fito, ya rame, yana sanye da shuɗiyar rigar nan da ta sha ce masa ya jefar.

Bai ɓata lokaci ba. Ya ce ta kwantar da wayar, kada ta riƙe ta a tsaye kamar mai karɓar gaisuwa. Ta goge idon kamara da gefen mayafi. Taga ta kasance a gaban mai magana, don in tana bayansa duhu kawai za a gani. Ta jingina wayar da wani abu, tun da hannunta rawa yake yi. Ta kuma matsa kusa, domin mutane suna yafe hoto mara kyau, amma ba sa yafe muryar da ba ta fita. Daga nan tari ya sarƙe shi.

"Ka dai sha maganin ko?" ta ce a hankali.

Ya ci gaba da bayaninsa. Dama Yaya in ya fara koyarwa ba ya jin kira.

Aka juya kujerar Inna ta fuskanci taga, aka jingina waya da gwangwanin maɓallai, aka haƙura da fanka. Hoto ya fito tas. Sai dai Inna da ke cika ɗaki da surutu, tana ganin waya ta sandare, ta shiga jero abin da aka haddace mata kamar mai biya karatu. Wata ta ce ai wannan ko ita ce mai kekunan ba za ta bayar ba. Rana kuma tana ta yin ƙasa.

Auta ta sake komawa lungu. Yaya ya ce kada a rubuta wa mutum abin da zai faɗa. A yi masa tambaya guda, a yi shiru, a bar shi. Tarin nan ya sake sarƙe shi. Ta jira ya lafa.

Ta dawo ta durƙusa gaban tsohuwar. "Inna, me kika fara ɗinkawa a ɗakin nan?"

Inna ta gyara zama. Ta ce rigar makarantar jikarta ce, hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo, amma yarinyar ta ƙi cirewa har ta kwana da ita. Muryarta ta fara rawa, idonta ya kawo ruwa. Abin da ake nema ke nan tun safe.

A daidai nan wayar ta tsaya. Ta cika, ba sauran wurin ajiye bidiyo.

Wannan kam Auta ba ta buƙatar tambaya, ta haddace shi. Yaya ya ce in waya ta cika ana tsakar aiki, kada a tsaya zaɓe: a buɗe jerin manyan bidiyo, a share na sama, sannan a zubar da kwandon sharar wayar, in ba haka ba wurin ba zai dawo ba. Ta yi yadda ya ce, yatsa na danna waya, ido na kan Inna kada hawayen ya bushe.

Auta ta sake kunna kamara, Inna ta ƙarasa labarinta. Auta ta datse farko da ƙarshe, ta tura. Ba a jima ba amsa ta zo, cewa sun gani, kuma za a kawo kekuna. Ɗaki ya kaure da tafi, har da masu rungumar keken da ya mutu.

Auta ta zame ta nufi lungun yadi tana murmushi, ta je ta gaya wa Yaya. Ta duba inda ta saba samunsa. Ta sake dubawa. Ta buɗe kwandon shara, wayam. Ta zube a kan yadin, kuka ya ƙwace mata.

Mafi girman bidiyo a wayar, wanda ke saman jeri, shi ne wanda Yaya ya ɗauka mata a gadon asibiti kafin ya rasu, yana koya mata ɗaukar bidiyo, kuma shi ne karo ɗaya tak a duk rayuwarsa da ya juya kamara ya ɗauki fuskarsa.