Filas Ɗin Andrawus

"Sitacin nan ya ƙi kamawa," in ji Inna Asibi, ta miƙa wa ɗanta Andrawus rigarsa, laƙwas kamar tsumma.

Yau ne zai hau motar Kaduna, ya nuna wa manyan kamfanin saƙa, masu neman hanyar cire sitaci daga sabon yadi, abin da ya tono a tulin ruɓaɓɓiyar dusa a garinsu Kuyello: wasu ƙwayoyin halitta da ya ce ruwansu na cinye sitacin yadi, komai zafi. Duk damina yana kiwonsu a filas yana hura hanci, amma tsoron jin kunya ya hana shi gwadawa.

"Da wane ruwa kika dama, Inna?"

"Ya yi kauri, na ƙara da na filas ɗinka. Ina zubawa ya tsinke."

Andrawus ya daka tsalle, ya rungume rigar. Ashe dai shi masani ne da gaske!

"Ina sauran, Inna?"

"Mai warin nan? Duk bokonka ko wanke filas ba ka iya ba. Na goge shi tas da toka, na cika maka da kunu. Ka sha a hanya."