Laima Mai Faci Goma Sha Ɗaya

"Wannan nake so," in ji ta, tana danne dariyar da ta hana ta karyawa tun safe.

Mai shagon ya dubi laimar iskar da ta zaro daga ƙasan tuli, ya dubi furfurarta. "Haba Inna, wannan ai ta fi wandon masunci faci. Ga ja can sumul, zan rage miki."

Shekara tara tana bakin tekun Cumbuco da keken ɗinkinta, tana kallon laimomi suna jan baƙi bisa allo a kan ruwa. Bana ita ma ta koyi wasan da laimar aro. Abin da ta tara a gwangwanin maɓallai na laima ɗaya ne. In ta yage, sai ta koma kallo.

Ta murza jar kusa da kunnenta. Shiru, laushi kamar tsohon zane, rana ta gama cinye ta. Ta murza mai facin, ta ji ƙaras-ƙaras.

"Ka ji? Da sauran ƙuruciyarta, kamar ni."

"In ta fashe da ke fa? Kada jikokinki su ƙona min shago."

"Hura ta dai."

Ya hura. Laimar ta miƙe tam. Ta bi facin da yatsa, ɗinki layi uku-uku, da ɗan ƙulli a ƙarshe.

"Wa ma ya san wanda ya ɗinka wannan?" in ji shi.

Ta riga ta sungume ta, ta nufi ruwa da gudu, ta bar silifa ɗaya a baya.

"Ni na sani. Kuma ba a taɓa dawo min da aikina ba."