Majiyar Labarin

"Majiya ita ce inda labari ya fito," na ce, ina rubutawa a allo. "Tantancewa kuwa..."

Ɗalibar da ke kujerar baya ta ɗaga hannu. Yau ta dawo makaranta, sati uku bayan mutane sun taru sun kashe mahaifinta, direban tasi, saboda an yaɗa hotonsa wai ɓarawon yara ne.

"Malama, ni na riga na tantance. Na bi saƙon nan daga waya zuwa waya, har na samo lambar da ta fara tura shi zauren iyaye."

Ta danna kira, ta ajiye wayar a kan tebur.

A cikin jakata, wayata ta fara ruri.