Gidan Injiniya a Sakkwato ta Gobe

"Shida ka samu," in ji Hamdiyya, tana kallon ƙwayar lidon da mijinta ya jefa. "Kamfani ya ba ka gida."

Kowace Asabar suke wannan wasa a tsakar gidansu na Tambuwal, ita da Gazali da ƙanensa Maccido. Ita ke tsara labarin: Sakkwato bayan shekara ɗari, benaye sun rufe rana, kamfanoni ke mulki. Gazali ne injiniya mai hannun ƙarfe, ba talaka ba, ba attajiri ba. Wasan yau ne na ƙarshe, domin ya kama wani gidan haya a Sakkwato ta gaske, hotunansa kawai ya gani, gobe zai karɓi makulli. Hamdiyya ta roƙe shi su zauna, ya ƙi.

Ta ɗauki gawayi ta zana gidan injiniyan a ƙasa, daidai girmansa. Gazali ya kwanta a falo don gwaji, ƙafarsa ta leƙa kicin.

"Haba, uwar Nasiha! Garken awakinmu ya hi wanga," ya ce yana dariya. "Ina yara za su kwana? Wallahi ba ni kai iyalina irin wanga wuri!"

"Maccido, ka ji rantsuwa?"

"Na ji, ni ne shaida."

Hamdiyya ta karkaɗe hannunta. "Awon gidan da ka kama muna ne, Maigida. Maccido ya auno shi da igiya. Kicin ɗin ma ni na ƙara maka, don tausayi."