Idon da Ya Zaɓa

Ina tankaɗe aka zo aka ce mini ɗana ya rasu, hatsarin mota a hanyar Babura. Bayan sadakar bakwai na nemi hotonsa, babu. Ya ɗauki hotunan amare daga Kazaure har Roni, amma shi kullum yana bayan kyamara. Na shiga tsoron kada fuskarsa ta ɓace mini.

Sai abokin sana'arsa ya zo da wani babban hoto cikin gilashi. Hotona ne. Na tuna ranar: ɗana ya aro kyamara biyu, Kanon da Nikon, yana ta waswasin wadda zai saya.

Na ce, "Ba duk hoto suke yi ba?"

Ya ce, "Inna, idon kyamarar ake dubawa. Idon wannan ba ya shiga jikin waccan. Gidan da ka shiga, nan za ka zauna."

Na ce, "Aure ke nan. To ka yi na gaskiyar mana!"

Yana dariya ya matso dab da ni, ya ɗauka.

Na ce wa abokin, "Ɗan nan, na san fuskata. Tasa nake nema."

Ya ce, "Inna, duba ƙwayar idonki."

Na kusanto da hoton. Ga shi nan ɗan ƙarami, hula a karkace, kyamara ta rufe masa rabin fuska, rabin yana dariya.

Alhamdulillahi, ya iya zaɓe. Kowace safiya nakan goge gilashin da bakin zanena, mu gaisa.