Huɗubar Jika

A daminar 1957 mura ta kwantar da rabin Bauchi, gardama ta cika zaure.

"A bar ta ta zaga kowa," in ji mai gidan, wani tsoho. "Haka muke yi wa shanu, wadda ta tashi ta tsira. Annobar Marisuwa, babbar murar nan ta da, ta kama ni ina saurayi, ga ni."

"Baba, jaririn da muke jira fa?" in ji ɗansa, malamin asibiti.

"Tsoro ne kawai."

Ranar Laraba aka haihu. Aka miƙo wa tsohon jikan ya yi huɗuba a kunnensa, yadda ya yi wa sauran. Ya mai da hannuwansa cikin riga.

"Kai ka yi masa," ya ce wa ɗansa.

Sai da ya kai bayan zana ya saki tarin da yake riƙewa tun safe.