Kai Baban Zamani Gida

Direban motar ɗaukar gawa ya faɗi kuɗin zuwa Godogodo bai ko ɗago kai daga wayarsa ba. Baba Asher ya ce ya maimaita. Ya maimaita, ya ƙara da cewa wannan farashin yau ne, na gobe kuwa sai abin da gidan mai ya ce. Baba Asher ya gode masa, ya gyara ledar da ke hammatarsa, ya kama hanyar tasha a hankali.

Ba baƙo ba ne a wannan ciniki. Tun yana aikin reluwe 'yan garinsu mazauna Kaduna suka ɗora masa shugabancin kwamitin biso, wato jana'iza, kuma ba a taɓa samun mai kwaɗayin ƙwace masa kujerar ba. A wajensu mutum yana iya yawonsa har Legas, amma in ya mutu dole ya kwanta a bayan gidan ubansa. Wanda aka binne a maƙabartar birni, 'ya'yansa sun shiga bakin mutane ke nan har jikoki. Duk wanda ya rasu, Baba Asher ne a gaban mota yana nuna wa direba hanya.

A da abin da sauƙi. A zaga da faranti bayan sujada a coci, a cika tanki, har a rage na shinkafar zumuntar mata. Tun da aka cire tallafin mai, farantin ke dawowa kamar an wanke shi. Da idonsa ya ga Hulda ta sayar da gonar cittarta don ta kai mijinta gida. An yi biso mai kyau, an sha waƙoƙi, kowa ya yaba. Yanzu wankau take yi a Sabon Tasha, kuma cikin masu yabon babu mai kawo mata ko riga ɗaya. Abin yana ci masa rai har yau.

Wannan karon layi ya zo kan mahaifin Zamani. Likitoci sun yi iya nasu, sun naɗe hannu. Zamani ɗan okada ne, mashin ɗaya gare shi. A kansa mata da yara suke ci, a kansa ƙanwarsa take karatu a Gidan Waya. Tun ranar da aka baro asibiti yake bin makanikai a ɓoye yana neman mai sayen mashin ɗin, yana ganin ba wanda ya sani. Baba Asher ya sani, ya kuma ƙudurta a ransa cewa mashin ɗin nan ba zai bi gonar Hulda ba.

Bai yi shawara da kowa ba, don ya san mutanensa. Za a kira taro, a sha lemo, a tashi a kan cewa a sake kiran taro. Tun da safiyar ranar nan, Zamani yana can layin gidan mai, ya ɗauko baƙar kwat ɗin da za a sa wa tsohon, ya ninke a leda. Ya gaya wa matar Zamani cewa ya yi gaba, kada a sayar da ko cokali sai an ji daga gare shi.

A tasha ya biya kujera ɗaya a wata tsohuwar mota mai zuwa Kafanchan. Kafin a kai Kujama fasinjoji sun fara gyara ƙasa. Wani malamin makaranta ya ce dala ce ta tashi, naira ta faɗi. Wata mai doya ta ce ita ba ta taɓa ganin dala a kasuwarsu ba, amma kullum ita ake ɗora wa laifi. Wani daga baya ya ce ai kuɗin mota ne ke hawa kan doyar tun daga gona. Direba kuwa yana ta kashe inji a kowace gangara. Baba Asher ya rungume ledarsa. Yakan dafe gefen cikinsa in mota ta faɗa rami. Ya ƙi gyaɗar da aka miƙa masa, ya zuba wa duwatsu da gonaki ido har aka wuce Zonkwa.

A Kafanchan ya nufi shagon wani kafinta mai suna Gershon, wanda bai san shi ba. Ya zaɓi katako mai sauƙin kuɗi, ya ƙi hannaye masu ruwan gwal, ya ce ƙasa ba ta duba ado. Ya tambayi yadda za a kai akwatin Godogodo, aka ce masa motar kasuwa tana ɗauka tare da buhunan masara. Nan ya ji hankalinsa ya kwanta, karo na farko tun fitowarsa.

"Sannu da haƙuri, Baba," in ji Gershon, yana warware tef ɗin awo. "Gawan yana wane mutuware? Ni ba na aiki da kintace, sai na auna. Amma in Kaduna ne, kai za ka biya motan zuwa na, ka san yadda fetur yake."

"Ba sai ka ƙona mai ba. Ya iso."

"Da wane mota?"

"Na haya. Likita ya ce ba zai ga Kirsimeti ba, ni kuma na tambaya, na ga kujeran mai rai ya fi araha."

Gershon ya leƙa waje yana neman wanda ake magana a kai, bai ga kowa ba. Da ya juyo, Baba Asher, mahaifin Zamani, ya riga ya cire takalmansa, ya miƙe a kan bencin aiki, ya haɗa ƙafafu, ya ce, "Auna, ɗana."